Bindigar gasa ta hannu: wacce zan ɗauka cikin huɗun nan?

Ɗan_Mokoyo:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Na zo gida hutu, ina nan unguwar Mokoyo a Maraɗi har sati uku, kuma akwai shawarar da ke cina tun kafin in taso daga Liyon ta Faransa. Shekara biyu ke nan ina zuwa kulob ɗin harbi a can, harbin wasa na gasa, da bindigar iska a mita 10. Bana ina so in hau mita 25, wato in koma ta harsashi, ƙaramin nan .22. Sabuwa ta fi ƙarfin aljihuna, ta hannu zan saya. Huɗu ne a gabana: Unique DES 69 da wani dattijon kulob ɗinmu zai bar min a yuro 350, Walther GSP a 600, Hämmerli 208 a 800, sai Pardini SP a 1300 wajen wani mai shago. Na san zauren nan akwai tsofaffin sojoji da jandarmomi, ga kuma 'yan uwa da ke Turai. Me ake dubawa a bindigar da ta sha hannu? In ku ne, wacce za ku ɗauka?

KabuKabu_SabonGari:
Wa alaikumus salam. Tsaya tukuna, 1300 ɗin nan nawa ke nan a kuɗinmu?

MusheLissafi:
Yuro ɗaya sefa 656 ne in an cike. Ta farko kusan jaka 230, ta biyu 394, ta uku 525, ta ƙarshe 853.

KabuKabu_SabonGari:
Jaka 853 don huda takarda! Ɗan uwa ba ni kuɗin in sa moto a hanya, kullum da marece in kawo maka na yini, takardar kuma in huda maka ita da ƙusa kyauta.

Hajiya_Zariya:
Subhanallahi. Yanzu a zauren Maraɗi za a zauna ana cinikin bindiga? Ɗana, da ka iso ba a ba ka labarin halin da mutanen Gabi da Madarunfa da Gidan Runji suke ciki ba? Akwai ƙauyukan da ba a kwana ɗaki saboda masu ita. Dangin mijina shanunsu sunka tahi dare ɗaya, har yau ko igiya ba a gani ba. Mai Zaure, a duba maganar ga.

MaiZaure:
Na duba, Hajiya, kuma damuwarki tana kan hanya. Zan bar zancen saboda na wasanni ne, kuma a wata ƙasa abin yake. Amma a ji da kyau: duk wanda ya tambayi inda ake samun bindiga a nan, ko ya ce yana da ta sayarwa, ko da wasa ne, zan fidda shi. A Nijar riƙe bindiga ba da izinin hukuma ba kaso ne.

Ɗan_Mokoyo:
Hajiya, Allah ya huci zuciyarki, Allah ya mayar musu da alheri. Wannan bindigar ba za ta taɓa ganin Maraɗi ba. A Faransa tana cikin rukunin B. Sai kana da lasisin tarayyar harbi ta ƙasar, FFTir, sai kulob ɗinka ya shaide ka, sai ka nuna kana da akwatin ƙarfe mai makulli a gida, sannan ofishin farfe ya ba ka izini bayan bincike. Ko dattijon nan ba zai miƙo min ita hannu da hannu ba, dole mu bi ta wajen mai shago mai rajista ya shigar da cinikin. Daga akwati sai kulob, daga kulob sai akwati.

Ajidan_MaiRitaya:
Hajiya, ni ma ba mai son yawon bindiga ba ne, ina Agadas a 2000 sa'ad da anka cinna wa makamai wuta don zaman lahiya. Amma yaron ga tambayar ilimi ya yi, bari in ba shi abin da na sani.

Ɗana, fara gane harsashin. Na soja a tsakiyar gindinsa wutar take, allura ta bugi tsakiya. Shi wanga ƙaramin, maganin tashin wutar yana cikin leɓen kwanson ne, zagaye, shi ya sa allurarsa gefe take sara. To in ciki babu harsashi mutum ya ja kunama, me allurar za ta sara? Bakin ɗakin harsashi, ƙarfe kan ƙarfe. Sau ɗaya sau biyu ba komi. Amma mai bindigar da ya maida abin al'ada zai bar 'yar lotsawa a wurin, sai harsashi ya riƙa shiga da ƙyar, kwanso ya riƙa maƙalewa, wata sa'a ka ja ta yi maka shiru. Ka ja ta baya, ka tabbata ba komi ciki, ka haska fitilar waya. Nan za ka fara kallo kahin sunan da ke rubuce a jikinta.

Na biyu bakin bututu, daidai inda harsashi ke rabuwa da ita. Ya zama zagaye sumul. Ɗan tabo kamar na farce ya isa ya watsa maka harbi. Bututun .22 ba harbi ke kashe shi ba, dalma ce mai taushi, ƙarfin ma kaɗan ne. Tsatsa ke kashe shi, da masu zura sandar wanki ta baki da ƙarfin tsiya.

Na uku kan sukurori. In ka ga duk sun cinye, turnabis ya zame ya karce ƙarfe, to wani gwanin kansa ya shiga cikinta. Ni da in sayi wadda anka “gyara” gara wadda ba a taɓa buɗewa ba.

ƊanMaƙera_Bagalam:
Ajidan ya hwaɗi gaskiya. In ƙara da abin da sana'armu ta koya muna: ƙarfe daga kusurwa yake fara tsagewa, ba daga tsakiya ba. Ɓangaren nan mai kai da komo in an harba, ka goge man da ke kansa tas, ka fita da shi rana, ka bi kowace kusurwa da ido. Mai yana ɓoye tsaga. Ka ga wanda ya laɓta wa kayan sayarwarsa mai har yana ɗiga, akwai abin da yake rufewa.

Bamaraɗe_a_Jamus:
Ɗan_Mokoyo barka da hutu, ka gaishe min da kilishi. Shekara shida nake wannan wasan a nan, ni GSP nake riƙewa, don haka ka san ta inda zan karkata.

Kafin komai, dokar ISSF, tarayyar harbi ta duniya, ta mita 25. Nauyin bindiga kada ya wuce giram 1400. Kunama kada ta saki ƙasa da giram 1000. Kuma dole ta shiga akwatin awo mai milimita 300 da 150 da 50. Huɗun nan duka don wannan dokar aka ƙera su, amma ta hannu ba ka san me aka yi mata ba. Wani ya sassauta kunama, wani ya manna wa mariƙin ƙullu har ya kumbura. Ranar gasa alƙali zai rataya ma kunamar nauyin kilo ɗaya, in ta saki ka koma gida. Kowane kulob yana da wannan nauyin, ka ara ka gwada a gaban mai sayarwa.

Abin da ya sa nake cewa GSP: kayan gyara. Tun 1968 aka fito da ita, an yi ta da yawa ƙwarai, kamfanin yana nan da ransa a garin Ulm. Rasor (wato sifirin), allura, sharjar, duk za ka samu. Gidan kunamarta ma gaba ɗaya yake fita, ka sa wani. Unique kuwa masana'antarta da ke Hendaye ta rufe, in ƙaramin abu ya karye sai ka bi tsofaffi kana roƙo. Hämmerli 208 ta Suwizalan kowa ya san aikin agogo ce, kunamarta ba ta da na biyu, amma an daina yin ta, kuma tun 2006 sunan ma ya koma hannun Walther. Ana samun kayanta, sai dai da tsada.

KabuKabu_SabonGari:
Sharjar kuma? Ita ma caji ake mata?

Ajidan_MaiRitaya:
Gidan harsashi yake nuhi, ɗan nema. Kuma magana ce babba. A tambayi guda nawa za a haɗa maka, a gwada kowane. Rabin cijewar irin waɗannan bindigogi daga leɓen sharjar take, ba daga bindigar ba.

Maharbi_Gabi:
Ni abin dariya yake ba ni. Takarda ba ta gudu, ba ta jin ƙamshinka, ba ta juyowa. Mu da munka tashi muna bin zabi da gada a dajin Baban Rafi da bindigar kakanni, harbi ɗaya gare ka, in ka kuskure ka kwana da yunwa. Wannan wace gwaninta ce, mita 25?

Ɗan_Mokoyo:
Baba Maharbi, da girmanka, amma zo ka gwada. Da hannu ɗaya ake riƙewa, a tsaye, ba jingina, ba madubin kusanto da nesa. Da'irar maki 10 faɗinta santimita 5, kamar bakin kofin shayi, daga nisan mita 25. Harbi 60 ne. A gasar da nake son shiga, ashirin na farko kana da sakan 150 ga kowane biyar, ashirin na biyu sakan 20, na ƙarshe sakan 10. Takarda ba ta gudu, hannunka ne ke gudu. Ranar da na fara, bugun zuciyata nake gani a kan saiti.

Maharbi_Gabi:
Hannu ɗaya? To wannan da magana. Amma dai ba a miya da takarda.

Bagobiri_Tibiri:
Ku bar Bakatsine ya sayi abinsa. Da can ma da anka tashi yaƙi mu ke gaba su suna baya suna auna nisa. Gado ne.

Ɗan_Mokoyo:
Bagobiri, wanda ke gaba ai shi ne bai iya saiti ba, sai ya matsa kusa.

Tuluz_Soura:
Ni zan saɓa wa Jamus. Na riƙe GSP wata uku ta kulob, gabanta nauyi gare shi, don sharjarta a gaban kunama take ba cikin mariƙi ba, ga ta kamar bulo. Wasu wannan nauyin suke so, yana kwantar musu da baki. Ni wuyan hannuna ya ƙi. Pardini ma sharjarta a gaba take, amma bututunta ya kwanta ƙasa kusa da hannu, in ta harba baya take turowa ba sama ba, kafin ka ƙifta saiti ya dawo. Kalli gasar harbin sauri ta Olamfik, inda ake harba biyar cikin sakan 8, da 6, da 4, ka ƙirga Pardini nawa ne a layi. Sai dai mariƙinta a kwance yake sosai, dole ka karya wuyan hannu ƙasa. Wanda ya saba da Unique ko Hämmerli, masu sharjar cikin mariƙi, zai ji baƙunta.

Amma shawarata ta gaskiya: kada ka sayi ko ɗaya bana. Kulob ɗinku ba shi da na aro? Yi shekara da su. Yanzu ba ka san hannunka ba tukuna.

Ɗan_Mokoyo:
Akwai guda biyu na aro, Ruger ne, amma ranar Asabar mutum goma ke layi a kansu, kuma kowa ya zo sai ya murɗa saiti yadda yake so.

Bamaraɗe_a_Jamus:
Ruger ba ta da laifi don koyo, tun 1949 ake yin zuriyarta kuma ba ta mutuwa. Amma da mariƙinta da kunamarta na asali ba za ka je nesa ba a gasar ISSF. Tuluz, maganarka ta Olamfik gaskiya ce, sai dai yaron nan ba Quiquampoix, gwanin harbin sauri na Faransa, ba ne. Bambancin yuro 700 tsakanin GSP da Pardini ba zai ƙara masa maki ko ɗaya ba a shekarar farko.

MusheLissafi:
Nan nake jira a zo. Ɗan_Mokoyo, harsashi nawa za ka riƙa harbawa a sati, kuma nawa ne kwali?

Ɗan_Mokoyo:
Kamar 100, Mushe. Kwalin 50 yuro 6 muke saye a kulob, na atisaye. Na gasa irin su Eley da Lapua sun fi haka nesa.

MusheLissafi:
To kwali biyu a sati, sati 52, yuro 624 ke nan a shekara. Ka ga cikin shekara ɗaya abincinta ya wuce kuɗin GSP ɗin kanta. Doki ba sayensa ne wuya ba, dawarsa ce. In ka zuba 1300 a Pardini ka rasa na harsashi, wanda ya sayi ta 350 yana harbi kowane sati zai wuce ka. Wani abin sha'awa kuma, wannan harsashin tun 1887 kamfanin Stevens na Amurka ya fito da shi, kafin Faransawa su tako ƙasar nan, kuma har yau da shi ake cin zinariya. Ƙwayarsa giram 2.6 ce kawai.

Ɗaliba_DanDicko:
Don Allah tambaya daga gefe. Irin wannan ce bindigar mutumin Turkiyyan nan da ya ci zinariya a Faris hannu cikin aljihu, wanda hotonsa ya cika Facebook?

Tuluz_Soura:
Yusuf Dikeç. A'a ƙanwata, tasa ta iska ce, mita 10, irin wadda Ɗan_Mokoyo ke harbawa yanzu. Kuma azurfa ya ci ba zinariya ba, a gasar mace da namiji, shi da Şevval İlayda Tarhan. Ba a cikin Faris aka yi harbin ba ma, a Châteauroux ne. Hannu cikin aljihu kuwa ba burga ba ce, kusan kowa haka yake yi, tun da hannu ɗaya doka ta yarda. Ita .22 a Olamfik wuri biyu take a ƙananan bindigogi: harbin sauri na maza, da mita 25 na mata.

Bagobiri_Tibiri:
Ai akwai ta mita 50 ma, na taɓa gani.

Tuluz_Soura:
Da akwai. Bayan Riyo 2016 aka cire ta daga Olamfik.

Ɗaliba_DanDicko:
Ashe har da na mata. To me zai hana a yi a nan? Lambobinmu na Olamfik biyu ne kacal, tagullar Issaka Daboré a dambe 1972 da azurfar Alfaga a taikwando 2016. Ta iskar nan ai ba ta buƙatar fili kamar na ƙwallo, ɗaki mai tsawon mita goma da 'yan kai ya isa.

Hajiya_Zariya:
Ɗiyata, ki gama karatunki tukuna. Ɗakin a sa injin ɗinki.

Ajidan_MaiRitaya:
Hajiya, maganar yarinyar ga ba ta banza ba ce, amma ba aikin mutum ɗaya ba ne, sai hukuma ta tsaya a kai da rajista da mai kula. Ko ta iska ce tana fidda ido. A halin da ake ciki kau ban ga mai sa hannu ba.

In koma kan tambaya. Jamus da Tuluz suna ta gardamar suna, ni mai ita nake kallo. Uku daga cikin huɗun ga ba ka san hannun da sunka hito ba. Guda ɗaya ka san mai ita, kana ganinsa kowane sati, ka san ko mai tsabta ne ko mai jefa kaya cikin jaka. In ta ba ka matsala ka san inda za ka same shi. Tsoho da ya riƙe bindiga shekara da shekaru ba ya rasa 'yar gwangwanin rasor da allura da ya ɓoye. Tambaye shi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Bamaraɗe_a_Jamus:
Ranka ya daɗe, in gwangwanin ta ƙare fa?

Ajidan_MaiRitaya:
Kahin ta ƙare ya san hannunsa, ya tara kuɗi, kuma jaka 230 ɗai ya kashe.

Birussal_AliDanSofo:
Bari in ba ku nawa, don kada wani ya maimaita. Ba zan faɗi sunan bindigar ba ko mai ita. A intanet na gan ta, hotuna goma sha biyu, tana ƙyalli kamar amarya. Garin da nisa, na ƙi biyan kuɗin jirgin ƙasa, na ce a aiko ta shagon da ke kusa da ni a yi takardu. Cinikin biri a sama. Da ta iso na sa hannu, ashe mai ita ƙato ne, mariƙin ya yi min yawa, yatsana da ƙyar yake kai wa kunama. Mariƙin gasa ba kamar na sauran ba ne, sassaƙa shi ake yi daidai tafin hannu, akwai ƙarami, matsakaici, babba, akwai na dama akwai na bahago. Sabon mariƙi ya ci min kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin bindigar. Ban gama wannan ba sai ga kwanso yana maƙalewa duk bayan harbi bakwai ko takwas, ɗan ƙugiyar da ke fizgo shi ya cinye. Wata huɗu ina jiran ƙarfen da bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Kuɗin jirgin da na yi wa rowa na biya shi sau biyar.

Abin da Ajidan bai kai gare shi ba shi ne na huɗu: a harba. Kwali guda cur, da kowace sharjar, biyar biyar, har da na sauri. Mai sayarwar da ya ce ba a gwadawa, ka yi masa sallama.

Ajidan_MaiRitaya:
Na gode da cikawa, tsufa ne. A tsinci kwansunan kuma a duba. Saran allura ya zama mai zurfi, iri ɗaya a kowane. In wani ya kumbura ko ya tsage a gindi, a aje ta.

Bamaraɗe_a_Jamus:
Kuma ka tambayi irin harsashin da aka riƙa ba ta. Waɗannan duka don mai matsakaicin gudu aka yi su, wanda bai kai gudun sauti ba. Mai tsananin gudu na farautar zomo yana dukan cikinsu fiye da kima, shi ke kawo tsagar da Ɗan Maƙera ya ce a nema. Kowace kuma da abincin da take so, wata ta ƙi mai tsada ta karɓi mai araha. Tsohon mai ita ne kawai zai gaya maka wannan, a nan kam Ajidan ya ci ni.

ƊanMaƙera_Bagalam:
Ni mariƙin ga ya tsaya min a rai. Icce ne ko? Ka auno hannunka kahin ka koma, akwai masassaƙa a garin ga da ke fidda ƙotar da in ka riƙe sai ka ce da ita anka haihe ka.

Ɗan_Mokoyo:
Icce ne, Baba, yawanci na gyaɗar Turawa. Amma dole a sassaƙa shi a jikin bindigar, ita kuma ba ta zuwa. A can ma da magagari da ƙullu muke gyarawa, a kankare nan a cike can.

Tuluz_Soura:
Ɗan Maƙera, ga wanda zai burge ka. Akwai wata ta Rasha, Margolin, da aka koya wa dubban mutane harbin gasa da ita. Wanda ya tsara ta, Mikhail Margolin, makaho ne. Da laluben yatsu ya fitar da ita, bayan yaƙin duniya na biyu.

ƊanMaƙera_Bagalam:
Ikon Allah. Ai ƙarfe da hannu ake jinsa.

Inna_Likita:
Kun yi ta maganar lafiyar bindiga, ba wanda ya yi ta mai harbin. Harsashin nan dalma ce tsirara, kuna taɓawa, kuna shaƙar ƙurarta a rufaffen ɗaki. Mu nan ba a ba mu labarin dalma, mun ga abin da ta yi wa yara a Zamfara a 2010. Ba na ce daidai suke ba, amma ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci komai, kada ka ci ko ka sha a wurin harbi, rigar kulob kuma kada ta haɗu da kayan yara. Sai kunne. Don ƙarar .22 ba ta kai ta manya ba mutane ke raina ta, jin da ya tafi kuwa ba ya dawowa.

Ɗan_Mokoyo:
Na gode Inna. Abin toshe kunne dole ne a kulob, ba a barin ka shiga babu shi. Wankin hannun ne nake sakaci, zan gyara.

Maharbi_Gabi:
Kunnena na dama shaida ne. Sai an zagayo ta hagu ake min sallama.

KabuKabu_SabonGari:
Ni har yanzu tayina na moto yana nan.

Ɗan_Mokoyo:
To jama'a, na kira dattijon ɗazu bayan la'asar. Ya ce sharjar uku gare shi, da allura biyu sababbi, da rasor da bai san adadinsu ba, cikin gwangwanin biskit. Ajidan, kamar kana ɗakin. Ya ce idonsa ne ya gaza shi ya sa zai rabu da ita, kuma in zo in harba ta a kulob wata guda a gabansa kafin mu yi maganar kuɗi. Matsala ɗaya, hannunsa ya fi nawa girma. Mai GSP kuma ya yarda a gwada, amma kwali ɗaya, rana ɗaya. Hämmerli na cire ta, mai ita ya ce sai dai in kalli hoto. Pardini ban cire ba, zuciyata tana can, aljihuna yana nan.

Birussal_AliDanSofo:
Tambayi kuɗin mariƙin Unique daidai hannunka tun yanzu, in ma ana samu. In ka haɗa da 350 kana iya tarar da ka kusa kuɗin GSP.

Bamaraɗe_a_Jamus:
Abin da nake shirin rubutawa ke nan.

Ajidan_MaiRitaya:
Babban mariƙi ana rage shi da magagari. Ƙarami ne ba a ƙara mai icce.

Tuluz_Soura:
Wata guda na gwaji kyauta ai shi ne aron da na ce ka yi. Karɓi wannan, GSP ka gwada a sati na uku lokacin da hannunka ya fara gane bambanci. Kuma takardar farfe ba a kwana biyu take fitowa ba, ka shigar da ita da ka koma, kada mai GSP ya gaji da jira.

Hajiya_Zariya:
Ni dai ko wacce ka saya, a bar ta can. Kuma ka biyo unguwar Zariya ka gaishe ni kahin ka tahi, uwarka ta ce min tun ran Talata ka iso.

Ɗan_Mokoyo:
In sha Allahu gobe bayan azahar, Hajiya. Jamus, mariƙin GSP ɗinka wane awo ne? Ina so in san ko matsakaici zai yi wa mai tafin hannu santimita 8 da rabi.